Kwafin Da Ya Yi Tafiya: Daga Gafakar Malamai Zuwa Faifan Kwamfuta

Daga nan Hanwa nake magana da ku kamar kullum.

Shirin yau da farko zai yi muku kama da hirar masu gyaran kwamfuta, amma ku yi haƙuri ku biyo ni, tarihi ne. Akwai tambayar da duk mai kula da kwamfutar ofis, ko ta makaranta, ko ta shagon buga takardu, zai ci karo da ita wata rana. Kana da babbar kwamfutar nan da ake tara aikin kowa da kowa a cikinta, wadda ake kira saba. Sai ga faifan ajiya guda ɗaya ya rage maka, wato had-dis, yana kwance a durowa ba ya aikin komai. To me za ka yi da shi? Ka jona shi ya zama madubin wanda ke ciki, ko ka mayar da shi wurin ajiyar ko-ta-kwana, abin da 'yan boko ke ce wa bakof?

Ba zan ja muku rai ba, ga amsata tun yanzu: in faifai ɗaya ne tak, yi ajiya da shi, ka zare shi, ka fitar da shi daga ginin. Dalilin kuwa ya girmi kwamfuta da ɗaruruwan shekaru, kuma wani sashe na labarin a garin nan namu ya faru.

Bari dai mu fara fahimtar kalmomin biyu. Madubi, a yaren masu kwamfuta, shi ne a sa faifai biyu su riƙa karɓar rubutu lokaci guda. Duk abin da ya shiga na farko, a daƙiƙar nan ya shiga na biyu. An daɗe ana yin haka a manyan injina, amma sunan da aka san tsarin da shi yau ya fito ne daga wata maƙala da masana uku na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley suka fitar a 1988, David Patterson da Garth Gibson da Randy Katz. Su suka raɗa wa dabarar haɗa faifai da yawa suna RAID, suka kasa ta mataki-mataki, madubi ya zama mataki na 1. Amfaninsa ɗaya ne, kuma babba ne. Idan faifai ɗaya ya mutu da tsakar rana, ɗan'uwansa zai ci gaba da ɗaukar kaya, ma'aikata ba za ma su san an yi ba.

Sai dai madubi ba ya tambaya. Ka goge fayil bisa kuskure, ya goge shi a can. Bairos ya shigo ya dagula lissafin shekara biyar, ya dagula na can. Abin da ka nuna masa shi zai nuna maka. Ita kuwa ajiyar ko-ta-kwana hoton jiya ce, ko na makon jiya. Ta ɗan tsufa, kuma tsufan nan shi ne darajarta, domin ba ta da labarin ɓarnar da aka yi yau da safe.

To ku riƙe wannan, mu koma baya.

Titin da ya wuce ta gefen unguwarmu, in ka bi shi ta ɗaya hannun zai kai ka Samaru, ƙofar jami'a. In ka juya ka bi ta Kwangila, ka wuce PZ a Sabon Gari, ka ratsa Tudun Wada, za ka shiga birni ta Ƙofar Doka. Birni da Samaru, ƙarshen hanyar biyu, kowannensu ya taɓa fuskantar tambayar nan tamu a zamaninsa. Mu fara da birni.

Tun kafin zuwan Turawa an san Zariya da karatu, musamman nahawu da lugga. Unguwanni irin su Juma da Kona ɗalibai ke nufa daga nesa, su zauna shekaru a zauren malam. Kuma babu maɗaba'a. In kana son littafi, sai ka ari na malaminka ka zauna ka kwafe shi da hannunka, ko ka biya marubuci ya kwafa maka. Takardar ma ba a nan ake yin ta ba. Mafi yawan wadda aka yi rubutu a kanta a ƙarni na 19 daga Italiya take, in ka ɗaga ta a rana za ka ga tambarin jinjirin wata guda uku a jikinta. Ta tsallako teku zuwa Tarabulus ko Masar, ta hau raƙumi ta keto Sahara, kafin ta iso kasuwar Kano. Ka ga ke nan kowace warƙa kuɗi ce. Ba a ɗinke littafin, warƙoƙi ne sake, a haɗa su a bango, a ɗaure, a sa a gafaka. Shi ya sa za ka ga marubuci ya sa kalmar farko ta shafi na gaba a can ƙasan shafin da ya gama. In iska ta watsa littafin, ko yaro ya yi wasa da shi, da wannan kalmar za a sake jera shi.

Maƙiyan littafi kuwa kun san su, har yau suna nan. Gara. Ɗigar ɗaki da damina. Ɓera. Gobarar hunturu da ke lashe unguwa guda a dare ɗaya a zamanin rufin ciyawa. Sai yaƙi. Sai kuma rabon gado, wanda ni a ganina ba a cika lissafa shi ba, alhali ya tarwatsa ɗakunan karatu da yawa: malam ya rasu, a kasa littattafansa tsakanin magada, wani ya san darajarsu, wani ya tura su ƙarƙashin gado.

Da duk wannan, yaya aka yi littattafan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da na ƙanensa Abdullahi da na ɗansa Muhammadu Bello suka kawo yau, ɗaruruwa, ana karanta su? Ba don an gina musu wani ɗaki mai ƙarfi ba ne. Tsarin karatun ne kansa yake watsa kwafi. Ɗalibi ya zo daga Bauchi, ko ƙasar Nufe, ko Ilori, ko Adamawa, ya kwafi littafi, ya sauke, ya ɗaura gafakarsa ya koma gida. Can ma nasa ɗaliban su kwafa. Gobarar da ta tashi a Zariya ba ta kai Bida. Garar da ta ci na Katsina ba ta san hanyar Yola ba. Babu wanda ya zauna ya ce yau za mu tsara ajiyar ko-ta-kwana, amma abin da suka yi ke nan, kuma sun yi shi fiye da yawancin ofisoshinmu na yanzu.

Bari in ba ku misalai, domin nan ne abin yake da daɗi.

Akwai Bajamushen nan matafiyi, Heinrich Barth, wanda ya yi yawo a ƙasashenmu da sunan Abdulkarim. A 1853, yana kan hanyarsa ta zuwa Tumbuktu, ya yada zango a Gwandu. A can aka ara masa wani babban littafin tarihi, ya zauna kwanaki yana tsamo abin da zai iya. Littafin nan shi ne Tarihus Sudan, tarihin Songhai da Tumbuktu da Jenne, wanda Abdurrahman Assa'adi ya rubuta a tsakiyar ƙarni na 17. Ku lura da kyau. Tarihin Tumbuktu ne, amma a Gwandu ya same shi, tun bai taka Tumbuktun ba. Wani ɗalibi ko fatake ne ya ɗauko kwafin ya yi tafiyar makonni da shi. Barth ma ya ɗauka Ahmad Baba ne ya wallafa shi, sai daga baya masana suka gyara.

Shi kuma Ahmad Baban, labarinsa ɗaya gefen ne na maganar. Bayan sojojin Maroko sun karya daular Songhai a 1591, an kama shi da wasu malaman Tumbuktu a 1593, aka tafi da su Marakish. Ɗakin karatunsa mai littafi 1,600 aka wawashe, kuma an ruwaito yana cewa nasa ne mafi ƙanƙanta a cikin na danginsa. Littafi 1,600 a gida ɗaya, hannu ɗaya ya isa ya kwashe su.

Misalin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na Barno. A wajen 1576 da 1578, babban limamin Birnin Gazargamu, Ahmad ibn Furtu, ya rubuta labarin yaƙe-yaƙen Mai Idris Alauma. Birnin Gazargamu ya faɗi a 1808, a lokacin jihadi. Aka koma aka gina Kukawa. A Kukawar nan Barth ya iso a 1851, ya sami kwafin littattafan Ibn Furtu da kuma Diwanin sarakunan Kanem da Barno, jerin sunayen da ya koma baya ɗaruruwan shekaru, aka aika da su Turai. Shekara arba'in da 'yan kai bayan haka, a 1893, Rabe ya ci Barno ya ƙone Kukawa. Yau in ka ga masani yana ba ka labarin bindigogin Idris Alauma da huldarsa da Turkawa, to bugun da yake karantawa kan waɗancan kwafin da suka fita ya dogara. Babban birni ya rushe sau biyu, kwafin da ya yi tafiya ya tsira.

Amma kada mu yi saurin tafi. Kwafin ya tsira, gaskiya ne, sai dai a hannun wa? Yana Landan, yana Jamus. Ɗan Barno da ke son ganin rubutun kakanninsa da idonsa sai ya nemi biza. Wannan ma darasi ne ga duk wanda ke cewa ai shi komai nasa yana kan Google, ko yana cikin WhatsApp. Nisa yana tsare kaya daga gobararka, amma makullin yana aljihun wani. Ran da aka rufe maka asusu, ko layin da ka yi rajista da shi ya ɓata, ka zama mai neman biza zuwa ga kayanka.

Akwai kuma wani abin ban sha'awa a Infaƙul Maisuri, wanda Muhammadu Bello ya kammala a 1812. A ciki ya kawo wasiƙun da Shehu Muhammadul Amin Alkanemi na Barno ya aiko yana ƙalubalantar hujjar jihadin, sannan ya kawo amsoshin da aka mayar masa. Yawancin masu karatu ta nan suka san abin da Alkanemi ya faɗa. Wato hujjar mutum ta tsira a cikin littafin abokin jayayyarsa. Ni dai duk lokacin da na tuna wannan sai in ƙara ganin girman mutanen nan, domin da wuya ɗan siyasar yau ya adana maka maganar abokin hamayyarsa yadda ya faɗe ta.

To ina madubi ya shigo a wannan labari? Ya shigo ta wajen kuskuren alƙalami. Marubuci ɗan'adam ne. Idonsa kan tsallake layi, musamman in layuka biyu sun ƙare da kalma iri ɗaya. Yakan sauya ɗigo, kalma ta koma wata. Yakan ɗauki sharhin da wani malami ya sa a gefe ya cusa shi cikin matani. Duk wanda ya kwafa daga wannan kwafin kuma, da amana da tsoron Allah zai kwafe kuskuren yadda ya gan shi. Ko ka tara kwafi goma, in dai duk daga wannan gurɓataccen suka fito, ba ka da shaida goma, shaida ɗaya gare ka da aka maimaita sau goma. Wannan shi ne madubi sak. Abin da ke ceton matani shi ne a sami wani kwafin da ya rabu da sauran tun kafin kuskuren ya shiga, wanda ya tsufa a wani gari shi kaɗai. Malamai sun san haka sarai. Shi ya sa in an gama kwafi sai a yi masa muƙabala. Yau in an ce muƙabala hankalinmu kan tafi ga malamai biyu a gaban lasifika ana kai ruwa rana, amma a wurin marubutan da, muƙabala ita ce a zauna a gwada sabon kwafi da asalinsa, ɗaya na karantawa ɗaya na bi da ido, a gyara a gefe. Ku ajiye kalmar nan, za mu dawo gare ta.

Yanzu mu juyo ɗaya ƙarshen titin, Samaru.

An buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a watan Oktoba na 1962. Wanda ya kafa sashen tarihi wani Bature ne da ya taso daga Jami'ar Ibadan, H.F.C. Smith, wanda daga baya ya musulunta ya zama Abdullahi Smith. A lokacin akwai manyan malaman jami'a a Turai da ke cewa Afirka ba ta da tarihin da za a koyar, sai dai tarihin Turawa a Afirka. Smith da Farfesa Kenneth Dike na Ibadan sun san amsar wannan magana tana kwance a gafakokin malamai. Dike shi ne ya tsaya aka kafa ofishin adana takardun gwamnati a Ibadan a 1954, wanda ya zama gidan adana takardun tarihi na ƙasa, mai reshe a Kaduna da Inugu. Da haɗin gwiwar jami'o'in biyu aka kafa shirin da ake kira Northern History Research Scheme, wato Shirin Binciken Tarihin Arewa, ya kankama a Zariya a 1964, rahotonsa na farko ya fito a 1966. Cikin waɗanda suka yi aikin akwai Murray Last, wanda ya zauna a Sakkwato ya yi karatu a ɗakin littattafan Waziri Junaidu, ya kuma fitar da littafinsa kan Daular Sakkwato a 1967, da Muhammad Alhaj, malami ɗan Sudan.

Abin da ya shafe mu shi ne yadda suka yi aikin. Hanya mafi sauƙi ita ce a bi gida-gida a saye littattafan, ko a karɓe su da ƙarfin hukuma, a tara a ɗaki ɗaya a Samaru. Faransawa sun yi irin haka a Segu a 1890, suka kwashe ɗakin karatun gidan Alhaji Umaru Futi suka kai Faris, yana can har yau. Su kuwa mutanen shirin nan, galibin aikinsu shi ne su je wurin malami, su nemi izini, su ɗauki hoton littafin shafi-shafi, su bar masa asalinsa. A Ibadan ma cibiyar da John Hunwick ya jagoranta haka take yi, a ari littafi, a ɗauke shi a ƙaramin fim da ake kira maikurofim, a mayar wa mai shi. Da gangan aka yi wannan. Asali na zauren malam a cikin birni, hoto na Samaru, wani lokaci wani hoton na Ibadan. Wuri uku, kuma ba kaya iri ɗaya ba: abin da ke cin takarda ba shi ke cin fim ba. A 1970 kuma Smith ya kafa Gidan Arewa a tsohon gidan Sardauna a Kaduna, ya zama wata ma'ajiyar. Ya rasu a 1984. Ƙarnin masana irin su Yusufu Bala Usman, wanda ya yi digirinsa na uku kan tarihin Katsina, a wannan gidan suka taso.

Sai dai shi ma fim yana da nasa ciwon. Irin na da, in ya daɗe cikin zafi da danshi, yakan fara ruɓewa daga ciki, ka buɗe gwangwaninsa ka ji tsami kamar na ruwan kal, ya kanannaɗe, ya daina karantuwa. In ma fim ɗin na lafiya, sai ka sami injin karanta shi ya lalace, kamfanin da ke yin kayan gyaransa ya daɗe da rufewa. Ɗakunan ajiya da yawa a ƙasashe masu zafi sun gamu da wannan. Kuma mugun abin shi ne a ɓoye yake faruwa. Gwangwani na kan kanta, da lamba da suna, kowa na ganinsa yana cewa ai muna da kwafi. Duk wanda ya taɓa ɗauko tsohon kaset ɗin bikin iyayensa, ko faifan sidin da ya ajiye furojet ɗinsa a kai, ya san abin da nake nufi.

To ku dubi yadda zamanin kwamfuta ya maimaita darussan nan ɗaya bayan ɗaya, kamar ba a taɓa jin su ba.

A 1998, a kamfanin Pixar na Amurka, ana tsakiyar haɗa fim ɗin yara na Toy Story 2, wani ya ba saba umarnin gogewa a inda bai kamata ba. Kafin a zare wuta kusan kashi 90 cikin 100 na fayilolin fim ɗin sun tafi. Da a ce madubi suka dogara da shi, da shi ma ya goge nasa cikin ladabi. Suka ce ba komai, akwai ajiya. Aka ɗauko, sai aka tarar ta daɗe da samun matsala ba wanda ya lura. Abin da ya cece su shi ne wata babbar ma'aikaciya, Galyn Susman, wadda ta haihu ba da daɗewa ba, take aiki daga gida, saboda haka akwai kwafi a kwamfutar gidanta. Aka naɗe kwamfutar a bargo aka sa a mota aka kawo ta ofis kamar jaririya. Mai jego ce ta zama Gwandun fim ɗin.

A watan Maris na 2021 gobara ta tashi a cibiyar kamfanin OVH da ke Strasbourg a Faransa, gini guda cike da saba ya ƙone ƙurmus. Wasu abokan cinikinsu sun biya kuɗin ajiyar ko-ta-kwana, sai ga shi ajiyar a harabar nan ɗaya take. Asali da kwafi suka ƙone tare. A watan Satumba na 2025 kuma, a Daejeon ta Koriya ta Kudu, batir ya kama da wuta a cibiyar bayanan gwamnati, aka yi asarar ma'ajiyar fayilolin ma'aikata mai terabait 858, wadda ba a yi mata kwafi a waje ba, wai ta yi girma da yawa. Koriya fa, ba wata ƙaramar hukuma ba. Ku tuna da wannan in kun ga saba da batiran inbata an cusa su a ɗaki ɗaya.

Har babban ɗakin karatu na Ingila da ke Landan bai tsira ba. A watan Oktoba na 2023 'yan fashin intanet suka kutsa, suka kulle musu injina, suka nemi kuɗin fansa. Garkuwa da bayanai ke nan, kuma mu nan ba sai an fassara mana kalmar garkuwa ba. Ba su biya ba. Sun ce kwafin tarin kayansu na nan lafiya, amma an lalata injinan da za a mayar da shi a kai, aka shafe watanni ko kundin neman littafi ba ya aiki a intanet. Irin wannan manhaja tana bin duk faifan da ta tarar a jone. Madubi kuwa a jone yake dare da rana, shi ne ma na farko da zai karɓi kullin.

In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, ka san sauran. Mu dawo gida, shagunan da ke jere a Samaru inda ake buga wa ɗalibai furojet, da ƙananan asibitoci, da makarantun kuɗi na Hanwa da Palladan, da masu ɗaukar hoton biki na Sabon Gari. Ka zauna ka lissafa abin da ya fi yiwuwa ya same ka a nan. A kawo wuta da ƙarfi ta ƙone kaya. Tsawa ta faɗo da damina. Ɓarawo ya fasa rufi ya ɗauke kwamfutar gaba ɗaya. Yaron shago ya goge abin da bai sani ba. Ɗalibi ya kawo filash mai bairos. Gobarar kasuwa, irin wadda ta cinye kasuwar Sabon Gari ta Kano a watan Maris na 2016. A duk cikin waɗannan babu ko ɗaya da madubi zai tsare ka daga gare shi, domin faifan biyu a akwati ɗaya suke, wuta ɗaya suke sha, ɓarawo ɗaya zai ɗauke su. Abu ɗaya tak yake magani, mutuwar faifai don kansa. Ko a nan ma akwai abin lura, in rana ɗaya ka saye su a shago ɗaya, sun yi aiki iri ɗaya cikin zafi iri ɗaya, ba mamaki ajalinsu ya zo kusa da juna.

Ba cewa nake madubi banza ba ne. Asibitin da ake duba katin marasa lafiya a kwamfuta, ko wurin da in saba ta tsaya awa biyu layi zai kai titi, suna buƙatarsa ƙwarai. Amma aikinsa hana tsayuwar aiki ne, ba hana asara ba. Shi faifai na uku ake saya masa, bayan an gama da ajiya. Masu sana'ar suna da ƙa'idar da suke ce wa 3-2-1, ana danganta ta da wani mai ɗaukar hoto Ba'amurke, Peter Krogh: kwafi uku, a kan kaya iri biyu, ɗaya a wani wuri dabam. In ka duba da kyau, zauren malam da Samaru da Ibadan ke nan.

Saboda haka faifan nan naka na durowa, saya masa gidan da ake jona shi ta waje. Ka tsayar da rana, a ce duk Alhamis kafin a tashi. Ka jona, ka kwashe, ka zare. Kada sabon kwafi ya danne tsoho, ka bar na makon jiya da na watan jiya suna nan kowanne da kwanan watansa, domin wata ɓarnar sai bayan mako uku za ka gano ta, kuma a ranar tsohon nan da ya rabu da sauran kafin kuskure ya shiga shi za ka nema. In akwai sirrin mutane a ciki, sakamakon jarrabawa ko na gwajin jini, ka kulle shi da kalmar sirri, ka kuma tabbatar wani amintacce ɗaya ya san ta, kada ta bi ka kabari. Sannan ka jefa shi a jaka ka tafi da shi gida. Daga Samaru zuwa Hanwa tafiyar 'yan mintoci ce a Keke, amma ta isa ta raba ka da gobarar shago da taransifomar layinku. Abin da ba ya da nauyi kuma ba za ka iya rasa shi ba, ka ƙara tura shi ma'ajiyar intanet, ya zama na uku.

Sai muƙabala. Na ce za mu dawo gare ta. Sau ɗaya a wata, ka ɗauki faifan ka jona shi a wata kwamfutar dabam, ba sabar ba. Ka zaɓi fayil uku ko huɗu ba tare da tsari ba, wani na bara, wani na jiya, ka buɗe su, ka ajiye su gefe da gefe da na asali, ka bi da ido ka ga ko lissafin ya kai ƙarshe, ko hoton ya buɗe gaba ɗaya. Minti goma ya isa.

Waɗanda kuma ke da gafakar kaka a gida, a cikin birni ko a ƙauye, wayar hannunku ta fi kyamarar da su Murray Last suka yi yawo da ita. Ku nemi izinin manya, ku shimfiɗa warƙoƙin a inuwa da safe, ku ɗauka bi da bi har da kalmar nan ta ƙasan shafi, kada ku yanke ta. Ku tura wa ɗan'uwan da ke Legas kwafi, da wanda ke Yamai, asalin kuma ku mayar da shi gafakarsa.

Nan za mu dakata a yau. Sai mun haɗu a shiri na gaba, a huta lafiya.